Layin da Ya Tsallake Ɗan Fari

Madam Rabi ce ta ce in rubuta muku wannan, ku da kuka zo sitaj, wato koyon aiki, bana daga lise, babbar sakandare. Na ji abin da kuke faɗi a bakin famfo lokacin alwalar azahar, wai aikinmu na inuwa ne, a zauna ƙarƙashin fanka a danna ordinatar, wato kwamfuta, takarda ta fito. Ni ma haka na zata da na zo. Ban girme ku da yawa ba, bak ɗin da kuke nema ma, shaidar gama lise, ni ban same shi ba. Amma a daminar nan da ta wuce, layi ɗaya cikin abin da muke rubutawa ya sa aka bar wani yaro mai tamowa a wani ƙauye bayan Sae Sabuwa, ba wanda ya je duba shi har ƙafafunsa suka kumbura. Saboda yaron nan nake rubutun. Sai dai ba za ku gane abin da ya same shi ba sai kun san yadda aikin yake tafiya.

Ƙungiyarmu ƙarama ce, buro ɗaya, ofis ke nan, a Gidan Rumji, muna aiki da gidajen likita na ƙauyuka. A can ana auna dantsen yara da wata igiya mai launi uku. Kore lafiya ce, ruwan ɗorawa a sa ido, ja kuwa tamowa ce mai tsanani. Yaron da ya fito ja, ana ba uwarsa abincin leda na gujiya, a ce ta dawo da shi sati mai zuwa. Duk abin da aka auna ana shigar da shi a salula, ya zo wurinmu ya zauna cikin baz, wato rumbun da muke tara bayanai. Kowace Litinin muna fitar wa kowane majo, shugaban gidan likita ke nan, sunayen yaran da suka fito ja kuma ba a dawo da su ba, shi kuma ya tura mai moto, wato mai babur, ya bi su gida. Ba da hannu muke tsamo su ba. Akwai jerin umarni da ke ajiye cikin rumbun kansa, muna ce masa furosedir. Shi ke zagaya ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, a cikin kowane ƙauye ya ɗauki yara ɗaya bayan ɗaya, ya duba, ya sa a takarda ko ya bari.

Kayan aikin kun gan su. Ordinatar biyu, ɗaya batirinta ya mutu tun kafin in zo, shi ya sa ake danne mata waya da dutse, kada wani ya taka ta mutu. Fano mai ɗaukar hasken rana a kan kwano, da ondilar, akwatin da ke riƙe wa ordinatar wuta, wanda ke kuka kamar ɗan tsako in wuta ta ɗauke. Kile biyu, ƴan filashin nan da muke kwafe rumbun a kai, ɗaya yana zama a buro, ɗaya a jakar Madam. Sai faifan nan da kwanon gujiya da ke kan kabad, waɗanda ɗayarku ta tambaye ni ko na mai shara ne.

Da sezi na fara, wato shigar da abin da aka rubuto a takarda. Na daɗe a kai kafin Madam ta jawo ni kusa. Ranar da ta fara koya mini ba ta bari na taɓa ordinatar ba. Furosedir ɗin ta buga a takarda, ta shimfiɗa kan tabarma, ta zuba gujiya a faifai tsibi-tsibi. Ta ce kowane tsibi ƙauye ne, kowace ƙwaya yaro ce, ni kuma ni ce na'ura. In ɗauki ƙwaya da hagu, in bi layukan da yatsan dama daga sama zuwa ƙasa, kada in yi abin da ba a rubuta ba ko da na ga wauta ne. Ta ce umarni a jere yake sauka kamar mai saukowa daga tsani, sai dai akwai ƴan kalmomi da ke sa shi ya yi tsalle, kuma kusan duk wata masifa a sana'ar nan daga cikinsu take fitowa.

Da Ingilishi ake rubuta su, haka na'urar take so. In yatsana ya zo kan CONTINUE, in ajiye ƙwayar da ke hannuna, in manta da sauran layukan da ke ƙasa, in ɗauki ta gaba. In ya zo kan EXIT, in bar tsibin gaba ɗaya in koma wani. In RETURN ne, in tashi daga tabarmar, aiki ya ƙare ko da rabin faifan yana cike. Akwai wata kuma, GOTO, wadda ke jefa ki duk inda aka kafa mata alama, sama ko ƙasa. Irin rumbunmu ba ya karɓarta. Madam ta ce Allah ne ya hutar da mu, domin ta yi aiki da ita a Yamai, ta gaji wani furosedir da ya zama kamar hanyoyin awaki a bayan gari, kowace ta ratsa wata, wanda ya rubuta shi ma bai san inda suke fita ba.

Aikin farko da ta ba ni shi ne in sa a tsallake yaran da suka wuce shekarun awo. Na rubuta EXIT, na kai mata ina jin daɗi. Ta sa wa ƙwaya ɗaya alama da biro ta cusa ta tsakiyar tsibi, ta miƙo mini faifan. Ina zuwa kan mai alamar, dole na ture duk sauran tsibin gefe, tunda abin da na rubuta ke nan. Ta dube ni ta saman tabarau.

"To, ɗiyata, sauran yaran garin fa? Hijira sunka yi?"

Ta kwashe waɗanda na ture ta ɓare ta cinye a gabana, ta ce haka na'ura take yi, ba ta tambaya.

Wata rana kuma na sa CONTINUE a saman layin da ke matsar da ƙidaya gaba. Na'urar ta riƙa ɗaukar yaro ɗaya tana ajiyewa tana sake ɗaukarsa, ba ta gajiya. Ordinatar ta yi zafi, fankar cikinta tana gurnani. Madam tana shan shayinta har ta ga na fara zufa, sannan ta nuna mini yadda ake kashe aikin da ya ƙi tsayawa. Ta ce wannan kuskure mai sauƙi ne, domin yana da ƙara. Wanda ake tsoro shi ne wanda ya gama lafiya, ya fitar da takarda mai kyau.

Masu jiran aikinmu su ne majo-majo, kuma za ku san halinsu. Kowa so yake takardarsa ta riga ranar kasuwa, domin ranar ce ake samun labarin wanda ya tashi da wanda ya koma gidan iyaye. Akwai wanda ba ya kira sai ya yi fushi. Akwai Majo Sani, na gidan likitan yankin yaron da nake ba ku labari, Bagobiri ne daga Tibiri. Tun da ya ji kakannina daga Katsina suka hauro bai sake kirana da sunana ba.

"Baiwar Gobir, ina takardata? Ko ordinatar ta tahi Jibiya ganin dangi?"

"Tana hanya, Majo. Ka dai samu wanda zai karanta maka?"

Haka muke kowace Litinin.

Mummunar shekararmu ita ce wadda aka rufe iyaka, wutar da ke zuwa mana daga kudu ta ɗauke. Mu a buro fano ya riƙe mu. Ƙauyuka ne suka sha wuya, domin wurin mai janareto suke cajin salula, mai kuwa ya yi wuyar samu. A bakin ƙofa ake auna yaro, sai an shiga ciki an zauna ake tambayar suna, ita kuma salula tun daga awon take buɗe wa yaro layinsa. In ta mutu tsakanin ƙofa da tebur, sai rabin layi ya rage, ga ƙauye, ga awo ja, babu suna. In an samu caji, ma'aikaciya ta sake farawa a sabon layi. Rumbu ya cika da waɗannan rabin layukan, furosedir yana fitar da su kamar yaran gaske. Mai moto ya keta rairayi ya isa gari yana cigiyar yaron da ba shi da suna, mutane suna yi masa dariya, ga waɗanda ke jira da gaske ba a kai gare su ba. Majo-majo suka taso mu.

Madam ba ta yi gaggawa ba. Ta zauna da faifan ta yi tunani. Ta ce in sunan yaro kaɗai ya ɓace, ana samun gidan da sunan maigida, kada a tsallake. In na maigida kaɗai ya ɓace, ana iya cigiya da sunan yaro, shi ma kada a tsallake. Sai in duka biyun babu. Ta rubuta layi ɗaya: in babu sunan yaro, kuma babu sunan maigida, CONTINUE. Muka gwada da gujiya, muka gwada da tsofaffin bayanai, ya kwashe shara ya bar na gaske. Takardu suka gyaru, aka yi mana godiya. Daga baya wuta ta dawo, layin ya ci gaba da zamansa. Duk wanda ya karanta shi ya ga daidai ne, domin a ranar da aka rubuta shi daidai ɗin ne.

Wata Laraba da hantsi, lokacin gero yana fitar da kai, salular buro ta yi ƙara. Majo Sani ne. Bai gaishe ni ba.

"Nafisa, duba mini baz ɗinku. An kawo mini yaro yanzu bisa amalanke, ƙahwahunsa sun kumbura. Saratu ta ce ta auna shi ja tun noman hwarko. Mi ya hana ya hito cikin takardata?"

Saratu ita ce ma'aikaciyar da ke awo a wurinsa. Majo ya ce yana neman motar da za ta kai yaron babban gidan likita na Maraɗi, ya kashe.

Ban sha wuyar samun layin ba. Na nema da sunan ƙauyen, ga shi zaune, awo ja, gurbin yaro fayau, gurbin maigida fayau. A can ƙarshe akwai gurbin ƙarin bayani, wanda furosedir bai taɓa karantawa ba tunda ba a ce ya karanta ba. A nan Saratu ta rubuta cewa sunan uwar Habsu, ɗan fari ne, ita kaɗai ta zo, a cika sunaye in kakarsa ta zo.

Ba sai na koya muku wannan ba, a gidajenku kuka tashi. Mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta faɗin na mijinta. Innata har yau ba ta taɓa kiran Yayana da sunansa ba, sai dai ta ce a kira mata wancan. Shi ya sa yarinya mai ɗan fari ba ta zuwa awo ita kaɗai, sai da surukuwa ko maƙwabciya da za ta amsa mata. To ranar nan noman farko ake, kowa yana gona, mijin bai dawo daga ci-rani ba. Saratu ta tambayi sunan yaro, Habsu ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane. Ta tambayi na maigida, ta ƙara sunkuyawa. Saratu ma uwa ce, ta san abin da ake ciki, ga mata cike da rumfa suna sauraro. Ba ta matsa mata ba. Ta ba ta ledojin, ta rubuta abin da ta rubuta, ta kira ta gaba. Duk mai tarbiyya abin da za ta yi ke nan. Sunaye biyun da Madam ta zaɓa don kada ta zalunci kowa, su ne sunaye biyun da bakin Habsu ba zai iya furtawa ba.

Tun daga satin nan, kowace Litinin na'urar tana ɗaukar yaron, ta duba, ta ajiye shi, ta ɗauki na gaba.

Na kira Madam, na nuna mata layin da yatsa. Ta karanta a tsaye, ta yi salati a hankali, sannan ta ce in fito mata da duk layin da tsallen nan ya taɓa wucewa. Na zauna na fito da su. Yawancinsu sharar mummunar shekara ce. Akwai ƴan kaɗan irin nasa, muka kira majo-majo kafin la'asar, aka samu danginsu sun dawo da su da kansu. Shi kaɗai ya rage.

Daga baya Majo ya gaya mana abin da ya hana ta dawowa. Ledojin farko sun ɗan tayar da yaron, sai aka ce ya warke. Da ciwon ya dawo, gulbi ya cika, hanya ta yi nisa, ita kuma kunya ta hana ta tsaya gaban surukai ta ce ɗanta ba shi da lafiya a kai ta. Sai ranar da Inna Dije, uwar mijinta, ta goya shi ta ji nauyinsa ba irin na da ba ne, ta danna ƙafarsa yatsanta ya bar rami. Ita ta sa aka ɗaura jaki.

Washegari muka shiga mota ni da Madam zuwa Maraɗi. Ni niyyata in samo sunayen in cika gurbin, domin ban san wani abin da zan iya yi ba. Muka same su a ɗakin yara masu tamowa. Yaron yana jikin uwarsa, an sa masa ɗan siririn tiyo a hanci, idanunsa rabi a rufe, gashinsa ya yi ja ya kwanta. Habsu ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta rungume shi a ƙirji a gaban surukuwarta, ta kafa masa ido, ba ta ma san mun shigo ba. Bakinta yana motsi. Na matsa don in gaishe ta, sai na ji abin da take faɗi. Sunansa take kira, a hankali, tana maimaitawa. Inna Dije tana zaune a ƙasa ta juya fuskarta bango, ta yi kamar ba ta ji.

Na ji sunan sarai. Ban rubuta ba. Madam ta taɓa mini kafaɗa, muka gaishe da tsohuwar, muka yi musu addu'a, muka fito. Ma'aikaciyar ɗakin ta ce mana mai kumburi ba a cewa kome a kansa sai kumburin ya fara saɓewa. Muka shiga mota muka koma Gidan Rumji.

Shugaban ƙungiya ya tara mu. Shi a ganinsa gyaran mai sauƙi ne, a sa salula ta ƙi karɓar layi sai an cika suna. Majo Sani yana kan waya, an buɗe murya kowa yana ji.

"In kunka tilasta, abu biyu ne. Ko Saratu ta rubuta wane ɗan wane don ta wuce, ko ta matsa wa yarinya gaban mutane, yarinya ta daina zuwa. Ku zaɓa."

Madam ta ce ba gurbin da aka bari ne ya cuci yaron ba, tsallen da aka yi shiru ne. Daga ranar ta kafa dokar da za ku tarar. Babu CONTINUE, babu EXIT, babu RETURN da zai yi tsalle bai fara rubuta wanda ya bari da dalilin barinsa ba, a wani ɗan rumbu na gefe da muke kira zaure. Kuma takarda ba ta fita ranar Litinin sai mutum ya zauna ya karanta zauren da idonsa, har da gurbin ƙarin bayani. An kuma buɗe wa sunan uwa gurbinsa, tunda nata sunan dai tana iya faɗi. Rubuta wannan bai ɗauke mu yini ba. Karanta zauren ne aikin, kuma ba ya ƙarewa. Yanzu nawa ne, nan gaba naku ne. In kuka ga layi a ciki, kada ku ce shara ce don ya yi kama da shara. Ku ɗauki waya ku kira majon garin, ko da zai yi tsaki.

Litinin ɗin da ta biyo baya na kasa danna maɓallin, Madam ce ta danna. Har yanzu sai na karanta zauren na koma farko na sake, in salular buro ta yi ƙara da hantsi kuwa sai na dafa tebur kafin in ɗauka. Ban faɗa muku don ku ji tausayina ba. In kun ga ina jinkiri kada ku ɗauka ban iya ba ne.

Da na koma Maraɗi ni kaɗai na je, Madam ta ce gurbin nan ni zan cika shi. Tun daga bakin ƙofa nake neman gadonsu, na ga babu kowa a kai. Wata mata ta nuna mini baranda.

Inna Dije na gani zaune kan tabarma, yaron yana kan cinyarta. An cire tiyon. Ƙafafun sun saɓe, fatar ta yi yaushi kamar ta tsoho, yana riƙe da ledar gujiya da hannu biyu yana tsotsa, ya ɓata fuska da ita. Habsu tana can ƙarshen tabarmar, ta ba su rabin baya, tana kallon wata bishiya kamar ba ta san su ba.

Na durƙusa na gaishe da tsohuwar, na ce mata daga buron da ke tura mai moto nake, sunan yaro da na mahaifinsa nake so. Ta ɗaga murya yadda duk barandar za ta ji, ta ce Lawali, ɗan Isaka. Habsu ta ja mayafi ta rufe baki, ta ɗauki buta ta tashi da sauri wai za ta ɗebo ruwa, alhali butar cike take, har tana zuba mata a ƙafa.

Inna Dije ta bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ta goge wa yaron baki da gefen zanenta.

"Kin gani, ɗiyata? Kunya ta dawo. Rubuta, ya tashi."